Takardar Mamman Mahauci

Ranar da aka mayar wa dangin Samir goronsu, Hajiya Adjara ce da kanta ta ɗauki kwandon ta miƙa wa direba, ta ce ya bi baƙin da shi har Zango don kada su sha wahalar dawowa ɗauka. Ruƙayyat, 'yarta tilo, tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, tana ji tana gani. Mai gidan kuwa, Farfesa Mahamadou Ilyas, bai ko leƙo falon ba. Kawunnan Samir uku sun zo neman aure cikin manyan riguna, sun zauna awa guda cur, shi kuma ya aiko musu daga ɗakin karatunsa cewa aiki ya sha masa kai.

Da motar ta fita, Hajiya ta juyo ta dubi 'yarta ta ce, "Ki share hawayen nan tun kafin raina ya ɓaci. Kin san littafin da jami'ar babanki za ta fitar? Mutum hamsin kacal aka zaɓa cikin duk waɗanda suka taɓa karatu a can. Ministoci, 'yan majalisa, manyan likitoci, masu bincike, kuma babanki na ciki. A wannan shekarar ce za ki kawo mini ɗan mahauta ki ce suruki?"

Ruƙayyat ta ce, "Mama, Samir ma jami'ar ya gama, tare muka fito."

"Ko ya gama ta sau bakwai, ubansa nama yake yankawa a kasuwa."

Gaskiya ne, nama yake yankawa. Baba Mamman, mahaifin Samir, shekara arba'in da wani abu yana kan teburinsa a kasuwar Zango, kuma duk matar da ke son ƙashin miya mai ɓargo ta san inda za ta dosa. Samir kuwa aikin fitar da kaya yake yi a tashar jirgin ruwa, yana sallamar manyan motocin da ke hawa arewa. Haɗuwarsu da Ruƙayyat ma suna ne ya jawo ta. Duka biyun Ilyas suke amsawa a takarda, shi ya sa duk jarrabawa sai a zaunar da su kusa da juna, tun suna aron biro har aka kai ga aron zuciya. Ba su taɓa ɗaukar sunan a bakin komai ba, don a Zango idan ka kira Ilyas mutum biyar ne za su waiwayo.

Ƙin Hajiya bai ba Ruƙayyat mamaki ba. 'Yar attajirin Kumasi ce, tun tana ƙarama aka saba mata da auna mutane da ƙofar gidansu. Shirun mahaifinta ne ya fi ƙona mata rai. Wannan mutum ne da ya kwashe rabin rayuwarsa yana binciken ruwan rijiyoyin talakawa, ya yi zama biyu a majalisa yana faɗan a kai famfo unguwannin da aka manta. Sau biyu ta same shi da maganar, sau biyu yana ce mata ta bi abin da mamarta ta ce, kuma ko sau ɗaya bai haɗa ido da ita ba. Ta san ruwa ba ya tsami banza, amma ba ta ga inda tsamin ya fito ba.

Bayan mako biyu masu shirya littafin suka aiko cewa kowane gida ya rubuto tarihin mutuminsa shafi biyu, a haɗa da hoton ƙuruciya. Hajiya ta ɗora wa Ruƙayyat aikin, wai ko ya ɗauke mata hankali daga shirmen soyayya. Farfesa ya ce a fara daga makarantar sakandare, abin da ya gabata ba shi da wani amfani. Hajiya ta ce sam, ai labarin marayan da wani malami ya riƙa a tsohon Zango har ya zama farfesa shi ne zai sa mutane hawaye. Iyakar abin da gidan ya sani game da ƙuruciyarsa ke nan: maraya ne, malamin ya rasu, dangi sun watse lokacin da aka tashi tsohon Zango aka mai da mutane arewacin gari.

A cikin wata tsohuwar jakar takardu Ruƙayyat ta samo hoto ɗaya, yaro siriri mai manyan kunnuwa sanye da kakin firamare da ya yi masa yawa. Ta kira Samir a waya, karo na farko tun ranar goro, ta tambaye shi ko ya san wani tsoho da ya zauna a tsohon Zango. Ya ce in dai wannan ne, ai Gwaggo Asiyatu, yayar babansa, ta san kowa har da kajin gidansu.

Ranar Asabar da hantsi ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, har Zango. Samir ya tarbe ta ya shiga da ita gida, ta tarar da Gwaggo Asiyatu a tsakar gida gaban kaskon waina, tsohuwa gajeriya mai kaifin ido. Suka gaisa, Gwaggo ta ƙare mata kallo tun daga ɗankwali har takalmi, ta ce wa Samir lallai bai yi zaɓen tumun dare ba. Ruƙayyat ta sunkuyar da kai, sannan ta fito da hoton ta miƙa mata.

Gwaggo ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta daɗe tana kallonsa har waina ta fara ƙauri a kasko.

"Lukuman," in ji ta. "Ni na ɗinke masa wandon nan, na Mamman ne aka rage."

Ruƙayyat ta ce a'a, Gwaggo, wannan ai babanta ne, Mahamadou.

"Na san ko wane ne, 'yar nan. Mamman ya hana ni magana, amma ni ce babba, ni na goya shi, ba shi ya goya ni ba. Zauna."

Ta sauke kaskon, ta ba su labarin tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Wani mai koro shanu ne daga arewa, Hamidu, ya sauka gidan mahaifinsu Ilyas mahauci da ɗan yaro a kafaɗa, uwar yaron ta rasu a hanya. Bai yi wata biyu ba shi ma zazzaɓi ya ɗauke shi. Ilyas ya riƙe yaron, sunansa Lukuman, ya haɗa shi tabarma ɗaya da ɗansa Mahamadou, wanda ake kira Mamman. Da lokacin lakol ya yi, wato makarantar boko, mushe, malamin makarantar, ya ce ba ya rubuta yaro sai da takardar haihuwa. Mamman na da ita, don a asibitin gari aka haife shi. Lukuman kuwa a bakin hanya aka haife shi tsakanin garke da garke, wa zai ba shi takarda? A zamanin nan mutanen Zango tsoron ofis suke yi kamar tsoron kurkuku, ballantana a je a ce ga ɗan baƙo mara uba. Abin da aka saba yi shi ne, gidan da ke da takarda ɗaya sai a duba cikin yara wanda kansa ya fi ja, a tura shi da ita, ya amsa sunan da ke jiki.

"An riga an ɗinka wa Mamman kaki," in ji Gwaggo. "Yana son lakol ɗin nan kamar ransa. Amma kullum sai ya tarar da Lukuman a bayan tagar aji yana bin karatun da baki, har ya fi na ciki iyawa. Mamman na da shekara takwas ya je gaban babanmu ya ce a ba ƙaninsa takardar, shi zai tsaya tebur. Ranar da Lukuman ya tafi da kakin, Mamman ya shiga bayan ɗaki ya yi kuka har ya gode Allah, ni na rarrashe shi."

Ta ce da farko Lukuman na zuwa hutu. Da ya shiga jami'a sai zuwan ya ragu, da ya fara fitowa a talabijin sai ya ɗauke ƙafa ɗungurungum. Sai da Mamman ya girma ya je kotu aka yi masa wata takardar, da sunan nan nasa dai, don ya samu katin ɗan ƙasa. Shekara talatin da biyar ke nan rabonsu da Lukuman, ko jana'izar tsoho Ilyas bai zo ba.

Ruƙayyat ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Samir kuwa miƙewa ya yi, ya ce yau ɗin nan zai je gidan ya tambayi Farfesa ko ɗan mahauta da wanda mahauta suka raina wane ne ya fi wani. Yana cikin faɗa Baba Mamman ya yi sallama, ya dawo sallar azahar, doguwar rigarsa da ɗigon jini a hannu. Kallo ɗaya ya yi wa hoton a cinyar yayarsa ya gane an yi ɓarin da ba ya kwasuwa. Ya ce, "Yaya, ke dai ba a ba ki ajiya." Ta ce ai ba ta karɓa ba tun farko.

Ya sa Samir ya zauna, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya fuskanci Ruƙayyat.

"'Yata, ki saurare ni. Abin da na ba babanki na ba shi ne har ga Allah, ban ajiye igiya a jiki ba don wata rana in ja. Da na tura masu neman aure na san gidan da na tura su. Na ce ko zai tuna, bai tuna ba, shi ke nan. Tsoro ne ke damunsa, ba mugunta ba, yana ganin in muka zama surukai asiri zai tonu, duk abin da ya gina ya rushe. Ni kuwa ba zan karɓi suruka da tonon asirin ƙanena ba. Kada ki faɗa wa mamarki, kada ki rubuta a littafi, kada ki nuna masa kin sani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ruƙayyat ta ce cikin kuka, "Baba, to auren fa?"

"In rabonku ne zai zo ta ƙofa. In sai ta taga zai shigo, ba ma so."

Ta yi masa alkawari. Ta koma gida ta rubuta shafi biyun kamar yadda mahaifinta ya so, daga sakandare zuwa jami'a, daga ɗakin bincike zuwa majalisa. Da Hajiya ta tambayi labarin marayan, ta ce mata bai dace da shafi biyu ba.

Riƙe magana irin wannan ba wasa ba ne, musamman a gidan da ake ta yi maka gori da ita. Hajiya ta shiga hidimar bikin ƙaddamar da littafi, ta ɗinka leshi kala uku, kuma kusan kullum sai ta sako zancen ɗan wani tsohon minista, abokin karatun Farfesa, wanda shi ma ubansa na cikin mutum hamsin ɗin. Ba ta ce dole ba, amma yabon yaron ba ya ƙarewa. Wata rana ana cin abincin rana ta ɗago tsokar nama a cokali ta ce, cikin raha, da an biye wa Ruƙayyat da yanzu kyauta ake kawo musu wannan, har da ƙudajen. Asirin da Ruƙayyat take riƙe da shi ya zo mata har baki. Kalma huɗu kawai za ta faɗa teburin ya kife, kuma ta san da ta faɗa, kafin wata ya ƙare an ɗaura mata aure. Ta dubi mahaifinta, ta ga furfurarsa da yadda ya ƙura wa farantinsa ido, ta haɗiye abinta da ruwa, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Samir ma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ya kira ta ya ce, "Ruƙa, franshman, tsakani da Allah, na gaji. Muna da gaskiya a hannu muna zaune kamar marasa ita." Ta ce masa gaskiyar ta babansa ce, ba tasu ba, kuma mai ita ya ce a ajiye. Ya yi fushi kwana huɗu bai kira ba, rana ta biyar ya aiko saƙo yana ba da haƙuri.

Sati na uku, ana gobe za a miƙa rubutun, Farfesa ya kira ta ɗakin karatunsa bayan la'asar. Ya karanta shafi biyun, ya gyara shekarar wani bincike, ya ce ya yi kyau. Har ta kai ƙofa ya ce, kamar abin bai dame shi ba, mamarta ta ce ta je Zango neman labari, wa ta gani a can?

Ta yi alkawarin yin shiru, amma ba ta yi alkawarin yi wa mahaifinta ƙarya ba.

"Gwaggo Asiyatu, Papa."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardar. "Tana nan da rai?"

"Tana nan. Ta ce ba kwa cin tuwo sai ta kankaro muku ƙanzo."

"Yaushe kika je?"

"Sati uku ke nan."

"Sati uku kina zaune da ni a tebur ɗaya, mamarki na faɗin abin da take faɗa. Me ya hana ki magana?"

"Baba Mamman ne ya hana. Ya ce ba zai karɓi suruka da tonon asirin ƙaninsa ba."

Farfesa ya maimaita kalmar a hankali, "Ƙaninsa." Sai ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kuka, irin kukan da Ruƙayyat ba ta taɓa jin babban mutum ya yi ba. Ta ja masa ƙofar ta fita.

Da bakinsa ya faɗa wa Hajiya, kafin magariba. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da ta buɗe baki kuma, ba asalin ne ta fara kamawa ba, cewa ta yi shekara talatin ya bar ta tana zagin gidan da ya raine shi yana ji, ya mai da ita butulu ba da saninta ba, wannan ne ba za ta yafe da wuri ba. Ba zan ce Hajiya ta zama wata sabuwar mace a kwana biyu ba, hali zanen dutse ne. Amma ita ce ta aika aka sayo goro kwando biyu, ta ce direban da ya mayar da na farko shi zai kai wannan Zango.

Ranar Lahadi da safe Farfesa ya sa direba ya tsaya a bakin kasuwar Zango, ya taka da ƙafa har layin mahauta. Baba Mamman na sara ƙashi, mata uku na jira. Farfesa ya tsaya gaban teburin, duk jawabin da ya shirya ya gudu, shi da ya saba tsayawa gaban majalisa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Yaya."

Baba Mamman ya ɗago ya dube shi, ya ajiye gatarin. "Lukuman. Kunnuwan nan dai ba su ragu ba. Zagayo ciki ka zauna, kana tare mini masu saye."

Ya zagaya ya zauna a kan benci cikin shaddarsa, har aka sallami matan. Sannan ya durƙusa ya nemi gafara, ya ce a shirye yake ya rubuta wa jami'a gaskiya ko da za a cire shi daga littafin. Baba Mamman ya ɗaga shi ya ce kul, karatun ai shi ya yi da kansa, rijiyoyin da ya gyara ba takarda ce ta gyara su ba. Ya ƙara da cewa shi ma ba zai yarda a cire ba, ga sunansa zai shiga littafi tare da ministoci ba tare da ya zauna jarrabawa ko ɗaya ba. Gwaggo Asiyatu ce ba ta yi sauƙi ba ranar da ya je gaishe ta tare da Hajiya. Sai da ta wanke shi tas a tsakar gida gaban matarsa, ta sa aka kai shi kabarin tsohon, sannan ta ba shi abinci.

Littafin ya fito, an yi biki, an tafa. Wata biyu bayan nan aka taru ɗaurin aure a masallacin unguwa a Zango, mahauta a sahu ɗaya da tsofaffin ministoci da malaman jami'a. Liman ya duba takardar da aka miƙa masa ya fara sanarwa cewa za a ɗaura auren Samir ɗan Mahamadou Ilyas da Ruƙayyat 'yar Mahamadou Ilyas. Farfesa ya ɗaga hannu. Baba Mamman ya taɓa gwiwarsa alamar ya bari, amma bai bari ba.

"Malam, a gyara. Takarda ta gwamnati ce, aure kuwa na Allah ne, ba zan ɗaura wa 'yata shi da sunan aro ba. Ruƙayyat 'yar Lukuman ce, ɗan Hamidu mai koro shanu, wanda Ilyas mahauci ya riƙa. Mahamadou Ilyas ɗaya ne a masallacin nan, ga shi kusa da ni, yayana ne."

Abokan karatunsa suka dubi juna, wasu tsofaffin Zango biyu-uku da suka san zancen tun fil'azal suka gyaɗa kai. Liman ya gyara, aka shafa fatiha. Baba Mamman, wanda bai yi hawaye ba ranar da aka mayar masa da goro, ya ja hannun riga ya rufe fuska.

'Yan'uwana matasa, da Ruƙayyat ta saki maganar nan a kan tebur da ta samu miji, amma da ta rasa uba, shi kuma da ya rasa damar tuba da ƙafarsa. Ta yi haƙuri ta riƙe amanar tsoho, Allah ya haɗa mata duka biyun. Kuma duk lokacin da kuka ga sunan wani babba a littafi, ku yi masa fatan alheri, sannan ku tuna akwai wanda ya tsaya tebur don shi ya tafi makaranta.